Tallar Riguna A Talabijin: Ina Rabon Mata Masu Jiki?

Yau ina so mu ɗan leƙa Amurka da Ingila, mu duba wani irin ciniki da ake yi da mata a can, domin irinsa ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, gara kuwa mu san shi tun bai gama shigowa ɗaka ba.

A waɗannan ƙasashe akwai tashoshin talabijin waɗanda ba su da wani aiki sai sayar da kaya. Babu labarai, babu wasan kwaikwayo, ciniki ne dare da rana. Abin ya samo asali a 1977 a wani ƙaramin gidan rediyo a jihar Fulorida, inda wani mai kanti ya kasa biyan kuɗin tallarsa, sai ya biya da abin buɗe gwangwani mai aiki da lantarki har guda 112. Aka yi shelarsu a rediyo, nan da nan suka ƙare. Daga nan ne tashar da aka sani da HSN ta fito a talabijin a 1982, ta game ƙasar duka a 1985. A 1986 kuma wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Segel ya kafa QVC, wadda ta isa Ingila a 1993. Yawancin masu saye mata ne, kuma ba 'yan mata ba, iyayen gida ne waɗanda suka haihu, jiki ya zauna.

To, ga yadda ake tallar riga a QVC. Mai gabatarwa za ta ɗauko rigar, ta faɗi irin yadinta da launukanta da kuɗinta. Sa'an nan a fito da mata biyu ko uku sanye da ita, wata siririya, wata mai jiki, a faɗi tsawon kowacce da lambar rigar da ta sa. Su yi tafiya, su juya baya, su ɗaga hannu, mai kallo tana gani. Ana kawo riguna tun daga mafi ƙanƙanta har lambar da suke kira 3X, waɗansu ma har 5X, kuma kuɗin ɗaya ne. Ba a ce wa mai jiki ta ƙara komai don ta ci yadi.

Ni a ganina wannan abin yabo ne, ya kuwa fi abin da mujallun ado suka daɗe suna yi. A hoton mujalla ana iya tattare rigar ta baya da fil don ta zauna daidai, a gyara hoton da kwamfuta, har ta kai gwamnatin Faransa ta tilasta tun daga 2017 cewa duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar, sai an rubuta haka a jikinsa. Amma macen da za ta juya baya a gaban kyamara kai tsaye, ina za ta ɓoye fil?

Sai dai kada mu ɗauka tausayi ne ya sa su. Mai saye ta talabijin ba ta taɓa yadin ba, ba ta gwada rigar ba, an kuma ba ta kwana 30 ta mayar in ba ta yi mata ba. Kowace rigar da ta dawo hasara ce. Bugu da ƙari, a 2016 waɗansu malamai mata biyu na jami'ar jihar Washinton, Deborah Christel da Susan Dunn, sun nuna cewa matsakaiciyar mace a Amurka lamba 16 zuwa 18 take sawa. Ashe waɗanda ake kira masu ƙiba, ana ware su a lungun kanti, su ne tsakiyar kasuwar. Ɗan kasuwa kuwa ba ya faɗa da inda kuɗi yake.

Inda nake da magana shi ne wajen zaɓen mai tallar. Wadda suke kira mai jiki a wannan sana'a sau da yawa lamba 12 ko 14 take sawa, watau ba ta ma kai matsakaiciyar macen ƙasar ba. Sa'an nan ba kowace mai jiki ake ɗauka ba. Doguwa ake nema, mai shafaffen ciki, mai ƙugu a matse, wadda ƙibarta ta sauka inda tela yake so. Waɗansu masu wannan aiki sun sha faɗa da bakinsu cewa wajen ɗaukar hoto akan sa su cusa soso a ƙirji da kwatangwalo don su cika babbar riga, fuska da wuya kuwa suna nan sirara. Yanzu ki dubi mai kallo, gajeruwa, haihuwa biyar, ƙibarta a ciki da damtse take. Ta ga riga ta zauna ɗas a jikin waccan, ta saya, ta sa, ta tsaya gaban madubi ta ce jikinta ne ba shi da kyau. Alhali kuwa ba a taɓa nuna mata rigar a jiki irin nata ba. Ita mai lamba 4X ko 5X ma, ba safai take ganin mai kama da ita a allon ba, sai dai ta ji an ce akwai lambarta, ta saya da ƙaddara.

Akwai kuma laifin yanka, wanda duk wadda ta yi darasin ɗinki a makaranta za ta gane. Masana'anta takan yanka samfuri ɗaya a kan mace ɗaya, sa'an nan a riƙa ƙara inci ko'ina don a sami manyan lambobi. Amma mace in ta yi jiki ai ba ƙashin kafaɗarta ne ke faɗi ba, hannunta kuma ba ya ƙara tsawo. Don haka sai ki ga kafaɗar rigar ta zubo, wuya ya wangale, hammata ta sauka har haƙarƙari, amma damtse ya matse kamar an ɗaure. Maimakon a sāke yanka dabam don manyan mata, wanda ke cin kuɗi, sai a koma ga yadi mai talewa kamar roba, a ce wai yana bin jiki. Har ila yau, ki saurari kalaman masu gabatarwa: wannan rigar tana ɓoye ciki, waccan tana sa a ga kin rame. Sun nuna mai jiki da hannun dama, sun ce mata ta ɓuya da hannun hagu.

Ita kanta lambar ba wata gaskiya ba ce. A 1939 zuwa 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata wajen 15,000, aka buga sakamakon a 1941, amma awon fararen fata kaɗai aka yi lissafi da shi. A kansa aka gina ƙa'idar lambobi ta 1958, bisa roƙon masu sayar da kaya ta gidan waya, waɗanda su ma dawo da kaya ya dame su. A 1983 aka soke ta, kowane kamfani ya koma yin gaban kansa. Lamba 12 a Amurka ita ce 16 a Ingila. Mace ɗaya, rana ɗaya, lamba biyu.

Mu nan Allah ya hutar da mu, domin tun kakanni riga ce ke bin jiki. Ki kai turmin atamfa yadi shida, tela ya auna ki, in ya matse ki mayar masa ya buɗe. Zane kuwa bai san lamba ba. Amma dubi yadda abu ke juyawa. Abayoyi da dogayen riguna ɗinkakku daga Dubai da Turkiyya da Sin sun cika kasuwa, 'yan'uwanmu mata kuma suna tallarsu a Instagram da WhatsApp da TikTok. Wayar hannu ta zama tashar cinikinmu. Sai dai a nan yarinya ɗaya siririya ake sa wa komai, a ce miki rigar kowa da kowa ce, babu lamba, kuma in kin biya shi ke nan, ba a mayarwa. Wannan ya fi na Amurka muni, don su ko ba komai suna karɓar kayansu. Ku masu wannan sana'a, me zai hana ku kira yayarku ko gwaggonku mai jiki ta sa rigar, ko da ba za a nuna fuskarta ba, ku kuma rubuta faɗin ƙirji da tsawo da inci? Cinikinku ne zai ƙaru.

Ku kuma 'yan makaranta, da ku nake musamman. Ina ganin yadda wata ke ƙin cin abinci don ta shiga rigar da ta gani a waya, wata kuma ke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don ta cika ta. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan maganin wata cuta ne dabam, shansu ba bisa umurnin likita ba yana kumbura fuska, yana jawo hawan jini da ciwon sukari. Duk a kan rigar da aka yanka a jikin wata mace da ba ta san da ku ba.

Kafin ki tura kuɗi, uwargida, ki nemi tef ɗin awo irin na tela, ki sa a auna miki wurare biyar: kafaɗa, ƙirji, damtse, kwatangwalo, da tsawo daga kafaɗa zuwa idon sawu. Ki rubuta ki ajiye. Ki ce wa mai sayarwa ta shimfiɗa rigar ta auna miki ita kanta, ba ta faɗa miki lamba ba, ki tabbata kuma ta fi awonki da inci biyu ko uku a ƙirji da kwatangwalo in yadin ba mai talewa ba ne. Sa'an nan ki tambaye ta tun kafin ciniki ya faɗa, in ba ta yi ba, za ta karɓa?