Ka ci shari'a, ka rasa kamfani: labarin Meta da Giphy 🧵

1/ Hotunan nan masu motsi da muke tura wa juna a Instagram da WhatsApp, da yawansu daga Giphy suke fitowa. A 2020 Facebook ya sayi Giphy kan dala miliyan 315. A 2023 ya sayar wa Shutterstock kan dala miliyan 53 kacal. Ku biyo ni.

2/ Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ce ta ce ba ta yarda ba. Tsoronta shi ne Facebook zai iya hana sauran shafuka irin su TikTok amfani da Giphy. A Nuwamba 2021 ta ce a sayar.

3/ Kamfanin, wanda a lokacin ya koma Meta, ya ɗaukaka ƙara. To ga inda gizo ke saƙar: kotun da ke jin irin wannan ƙara ba ta tambayar ko hukuncin hukuma daidai ne. Abin da take dubawa shi ne, an bi doka? An yi wa kowa adalci wajen bincike? Shi ke nan fa.

4/ A Yuni 2022 kotun ta watsar da kusan duk hujjojin Meta. Guda ɗaya ta karɓa: hukumar ta ɓoye masa wasu bayanai da ya kamata ya gani. Sai aka mayar wa wa fayil ɗin? CMA ɗin dai 😂 A Oktoba ta sake cewa a sayar.

5/ Na Illumina ya fi ciwo. Tarayyar Turai ta hana shi riƙe kamfanin Grail mai gwajin cutar daji, ta kuma ci shi tarar Yuro miliyan 432. A Satumba 2024 babbar kotun Turai ta ce tun farko hukumar ba ta da hurumin duba cinikin. Tara ta faɗi, amma tun watan Yuni Illumina ya riga ya rabu da Grail.

6/ Yanzu maganar kuɗin lauyoyi: idan hukuma ta sha kaye, wa zai biya? CMA ta taɓa cewa kada a riƙa ɗora mata, don kada tsoron biya ya hana ta taɓa manyan kamfanoni. A Mayu 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Pfizer da Flynn kan farashin maganin farfaɗiya, ta ƙi ba ta wannan kariyar.

7/ Ni ina bayan kotun. Na san kuɗin talakawa ne za a biya da su, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma hukumar da ta san ko ta yi kuskure ba abin da zai taɓa aljihunta, wallahi sakaci za ta yi.

8/ Kuma ba don Meta nake faɗa ba, shi kuɗin lauya ai kuɗin shayi ne a wurinsa. Ƙaramin kamfani nake ji, wanda idan ya san ko ya ci shari'a ba za a mayar masa da ko sisi ba, ko ƙofar kotu ba zai je ba.

9/ Sai dai ko an biya Illumina kuɗin lauyoyinsa kaf, Grail ba zai dawo ba. Da ni ce mai gyara dokar, wa'adin yanke hukunci zan fara sa wa kotunan. Ɗaliban lauya na nan, wata nawa kuke ganin ya isa?