Daga "Tea" Zuwa Shayi: Darasin Kalma Ɗaya Ga Mazauna Kurmi

 

Yau so nake mu tattauna a kan wata 'yar ƙaramar kalmar Turanci mai haruffa uku, wato tea. Tana cikin kalmomin farko da ɗalibi Basine yake cin karo da su in ya fara koyon Turanci, kuma tun 2001 hukumar ilmin ƙasar Sin ta umarci a fara koyar da Turancin daga aji uku na firamare, don haka ba ƙananan mutane ne ke haddace ta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan kalma ba ta Bature ba ce. Ta kakannin ɗalibin ce, ta yi ƙaura ta canza kaya, sannan ta dawo masa a cikin littafin makaranta a matsayin baƙuwa. A ganina akwai darasi a tarihinta ga mu da muke renon 'ya'ya a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal.

Mu fara da asali. Sinawa sun daɗe suna shan wannan ganye, har ma wani malami mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kansa a ƙarni na 8, zamanin daular Tang. A rubuce alama ɗaya ce tak suke yi wa sunan ganyen, amma da yake harsunan ƙasar suna da yawa, kowane yanki da yadda yake furta ta. Mutanen arewa, masu harshen Mandarin, cewa suke ca, haka ma mutanen Guangzhou da kewaye. Su kuwa mutanen gaɓar teku a lardin Fujian, musamman wajajen birnin Xiamen, masu harshen Hokkien, cewa suke te. Daga waɗannan furuci biyu ne kusan duk duniya ta samo sunan da take kiran ganyen.

Wanda ya bi hanyar fatake ta ƙasa, shi ya ɗauki ca. A Farisa ya zama cai, haka ya shiga Indiya da Turkiyya da Rasha, Larabawa kuma suka ce shai, daga bakinsu mu kuma muka samo shayi. Wanda ya bi ta ruwa kuwa, galibi te ya ɗauka, kuma dalilin haka shi ne mutanen Holan. Kamfaninsu na cinikin gabas, wanda aka kafa a 1602, da 'yan kasuwar Hokkien ya fi hulɗa a tsibirin Java da gaɓar Fujian, kuma shi ne ya fara kai ganyen Turai da yawa wajajen 1610. Saboda haka Faransawa da Jamusawa da Sifaniyawa da Turawan Ingila duk suka bi furucin Hokkien. Mutanen Fotugal ne suka fita daban, domin su tun 1557 suna zaune a Macau, cikin masu cewa ca, shi ya sa har gobe ca ɗin suke faɗa.

A Landan an fara tallar ganyen a jarida a 1658, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Pepys kuma ya rubuta a kundin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa a watan Satumba na 1660 ya fara kurɓar wannan abin sha na ƙasar Sin. Da Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiya Catherine 'yar Fotugal a 1662, wadda da ma ta saba da shansa a gidansu, sai ya zama abin yayi a fada. A farko te Turawan suke furtawa, kamar yadda aka sayar masu, daga baya bakinsu ya karkata zuwa ti.

To amma sanin asali bai isa ba, domin da kalmar ta zauna a Ingila sai ta hayayyafa, ta sami ma'anonin da ba ta baro gida da su ba. Nan ne ɗalibi Basine yake tuntuɓe. Alal misali, ganyen da Bature yake kira baƙin shayi, shi Basine jan shayi yake ce masa, domin Bature launin busasshen ganyen ya duba, shi kuwa launin ruwan bayan an jiƙa. Abin da Basine yake kira baƙin shayi wani nau'i ne daban da ake ajiyewa ya daɗe ya tsumu. Ke nan in ya fassara kalma da kalma ya nemi red tea a kantin Landan, ba lallai a ba shi abin da yake so ba.

Bugu da ƙari, a arewacin Ingila da Sikotilan, talakawa da ma'aikata abincin dare suke kira tea, ko da babu ɗigon shayi a ciki. Akwai kuma 'yar walimar la'asar ta masu hali, da burodi da kek, wadda ta yaɗu wajajen 1840, ita ma sunanta ke nan. In Bature ya ce abu kaza not my cup of tea, ba maganar kofi yake ba, yana nufin abin bai kwanta masa a rai ba. Matasan zamani kuwa, musamman a Amurka, in sun ce spill the tea, to fasa ƙwai ake nufi, wato a baje gulmar da aka ɓoye. Mu ma nan Najeriya mun ƙara namu, domin ko Milo aka dama da madara, ko Bournvita, duk tea ne a bakin mutanen Legas. In Basinen da ya zo aikin layin dogo ya karɓi tayin tea a gidan abokin aikinsa, yana iya ganin an miƙo masa ruwan koko mai zaƙi, ba ko ganye ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka Turanci ne kaɗai ke da irin wannan tarko. A Hausa ma akwai wata kalma daban da ake rubutawa shayi, mai nufin kaciya, kuma baƙon da bai san haka ba zai sha mamaki ran da aka ce masa za a kai yara shayi. Wani abin sha'awa kuma, Hausa ta karɓi kalmar Sinawan ta ƙofa biyu. Shayi ya zo mana ta hannun Larabawa, ti kuma ya zo ta hannun Turawa. Furucin arewacin Sin da na gaɓar Fujian sun rabu ɗaruruwan shekaru, kowanne ya kama hanyarsa, sai ga su sun haɗu a teburin mai shayi.

Yanzu ga inda na dosa. Abu na farko, aron kalma ba abin kunya ba ne, kuma ba alamar ƙaramin harshe ba ce. Sau da yawa za ka ji wani ɗan boko yana cewa ai Hausa tarkacen Larabci da Turanci ce, tun da mota da tebur da burodi duk aro ne. To shi Turancin da yake tinƙaho da shi, tea ɗinsa na Sinawa ne, sugar ɗinsa kuma ta hannun Larabawa ya bi kafin ya isa Turai, hanyar da sukarinmu ya biyo ke nan. Kalma tana bin haja ne, duk wanda ya kawo kaya kasuwa da sunan kayan yake zuwa. Mu shaida ne a kan haka, domin mai suya da mai shayi sun sa Hausa a bakin mutanen Kudu ba tare da sun buɗe aji ba. A 2020 babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da Kannywood, a farkon 2025 kuma aka sanar da shigar suya.

Abu na biyu, kuma nan ne nake so mu natsu, wanda ya ari kalmarka ba dole ba ne ya girmama ka. Turawan Ingila sun ɗauki ganyen Sinawa da sunansa, amma da azurfar da suke biya ta yi masu yawa sai suka koma shigar da ƙwayar opiyom daga Indiya, da Sinawa suka hana kuma aka gwabza yaƙi daga 1839 zuwa 1842, suka karɓe Hong Kong. A 1848 suka tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya kwaso iri da dabarun sarrafa ganyen zuwa Indiya don su daina dogaro da mai shi. Mu ma muna da namu misalin a kusa. Aboki kalma ce mai daraja a Hausa, amma kowa ya san da wace irin murya ake jefa mana ita a tasha da kasuwa. Kalmar tamu ce, ma'anar kuwa ta kuɓuce daga hannunmu.

Abu na uku shi ne ya fi damuna. Mutanen Hokkien ɗin nan da suka ba rabin duniya kalmar te, 'yan kasuwa ne masu ƙaura kamar mu. Sun bazu a Singafo da Maleshiya da Indunusiya da Filifin, suka kafa unguwanni, suka yi arziki. A Singafo su ne rukuni mafi girma cikin Sinawan ƙasar. To amma a 1979 gwamnatin Lee Kuan Yew ta ƙaddamar da gangamin a riƙa magana da Mandarin a bar harsunan gida, makarantu kuma da Turanci ake karatu. Iyaye suka ga ai ci gaban yaro yana cikin waɗannan biyun. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan rabin mazauna ƙasar Turanci suka fi yi a gida, masu amfani da su Hokkien da sauran harsunan kakanni kuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Yau akwai jikokin da ba sa iya hira da kakarsu sai da tafinta. Kalmarsu tana cikin ƙamus ɗin kowa, harshen kuwa yana ficewa daga ɗakunansu.

Wannan hanya nake hango wasunmu sun kama. Akwai gidaje a nan Kurmi da uba da uwa duk Hausawa ne, amma yaro Yarabanci yake a waje, Turancin buroka a makaranta da gida, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Wasu iyayen ma da gangan suke yi, wai kada Hausa ta ɓata wa yaro Turanci, ko kada a gane shi a tsangwame shi. In aka je gida da salla sai yaro ya zama kurma a gaban kakanninsa, dangi su riƙa ce masa ɗan Kurmi, a nan kuma ana ce masa aboki. Ya rasa tudun dafawa ke nan.

Na san abin da za a ce mani. Za a ce ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ba a rubuta takardar neman aiki da Hausa, kuma Hausa mai miliyoyin masu magana ba za ta mutu don 'yan gidajen Agege ba. Duk gaskiya ne. Ban ce a yi wasa da Turanci ba, hasali ma ina ganin waɗanda har yanzu suke ƙyamarsa suna cewa harshen Nasara ne, su ma cutar 'ya'yansu suke yi. Haka nan Yarabanci ko Ibo da yaro ya tashi da shi arziki ne, kada a hana shi. Hausa kuma ba za ta mutu a Kano ba, amma tana iya mutuwa a gidanka, kuma ɗanka ne zai yi asarar, ba Kano ba. Harshe biyu ko uku ba sa yi wa kan yaro yawa. Ɗalibi Basine a Beijing yana koyon Turanci don ciniki da karatu, ya koma gida ya ci abinci da Sinancinsa. Su Sinawan ma tun 1963 suke watsa shirye-shiryen rediyo da Hausa, akwai kuma jami'ar da ke koyar da ita a Beijing. Abin kunya ne a ce Basine yana wahalar koyon abin da muke zubarwa a ƙofar gida.

Bambancinmu da shi ɗalibin na Beijing shi ne, shi yana da hukuma da makaranta da talabijin da suke riƙe masa harshensa. Mu a nan ba mu da wannan gata, nauyin yana kan uba da uwa da malamin Islamiyya da sarkin Hausawan unguwa. Shawarata ba mai tsada ba ce. A mayar da Hausa harshen cikin gida, ko yaro ya amsa da Turanci a ci gaba da yi masa Hausa. Iyaye mata su dawo da tatsuniya da kacici-kacici. Makarantun Islamiyyarmu su ware ko da awa ɗaya a mako don karatu da rubutun Hausa. In an sami hutu a tura yara gida su kwana biyu wajen dangi. Sannan in za a koya masu Turanci a koya masu da kyau, su san inda kalma ta fito da yadda ake sarrafa ta a kowane wuri, domin wanda ya san tea aro ne ba zai ƙara jin kunyar shayi ba.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu dace. Wassalam.