Canjin kujerar tsohuwar Hilux: a sauya soso, a kiyayi waya mai ruwan ɗorawa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa Farm Center a Kano don canjin gilashi ya san cewa shigar kaya daban, yin aikinsa daban. Gilashin zai zauna daram, amma wurin ɗora yatsa ya daina gane mai shi. Irin wannan ne ke faruwa da kujerun tsofaffin motoci ƙirar a-kori-kura da jif, sai dai a mota kuskuren ba ya nuna kansa sai ranar hatsari.

Matasa da dama yanzu suna tuƙa tsohuwar Hilux ta gida ko ta wurin aiki, soso ya lotse, hannun kwantar da kujera ya karye. Sai mutum ya ga bidiyo a TikTok ko YouTube an ciro kujerar fata daga jif an ɗora a irin motarsa, washegari ya nufi Ƙofar Ruwa, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Wannan tunani yana da tushe, domin jif da yawa a kan ƙashin a-kori-kura aka gina su. Toyota 4Runner ta farko, wadda ta fito a 1984, Hilux ce aka rufe wa baya aka ƙara mata kujeru. Ford Explorer ta farkon shekarun 1990 daga Ranger ta samo asali. Hilux da Fortuner da Innova na tsakiyar shekarun 2000 tsari guda suka fito, wanda Toyota ke kira IMV. Shi ya sa wasu sassan kujerunsu ke shiga juna.

Gyara irin wannan abin a ƙarfafa ne. Soso, da yadi ko fatar da ke rufe kujera, da robobin gefe, da hannun kwantarwa, da maɓallin kujera mai lantarki, duk ana iya ciro su daga motar gwanjo mai irin zubin a saka ba tare da fargaba ba. Jefar da kujera sukutum saboda soso ya mutu ɓarna ce, kamar jefar da waya saboda batir ya kumbura. Amma akwai sassa uku da bai kamata a yi musu aikin "ai ya shiga" ba.

Na farko shi ne ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, da notinan da suka riƙe shi. A motoci da yawa, bakin da ake maƙala bel a jikin kujerar yake, ke nan nauyin mutum a lokacin karo ta kan waɗannan notina huɗu zai bi. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Idan ramukan ba su yi daidai ba aka huda sababbi a siraran wuri, ko mai walda ya liƙa guntun ƙarfe aka ɗaure da notin da aka tsinta, kujerar na iya tashi da mai ita. Notin kirki yana da lambar ƙarfinsa a ka, kamar 8.8 ko 10.9. Kuma harshen bel na wata mota yana iya shiga bakin wata ya yi ƙara kamar ya kama, alhali bai kulle ba.

Na biyu shi ne waya da soket masu ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera. Wannan launin alamar layin jakar iska ne. Jif da yawa da ake shigowa da su daga Amurka suna da jakar iska a gefen majingina, da sensa mai auna nauyin wanda ya zauna a kujerar fasinja, wadda dokar ƙasar ta sa ta zama ruwan dare tun tsakiyar shekarun 2000. Ita ke gaya wa kwamfutar motar ko babba ne a zaune ko ƙaramin yaro, don a kashe jakar gaba idan yaro ne. A motocin Toyota masu wannan sensa, ko ciro kujerar aka yi aka mayar, sai an sake saita ta da na'ura. To ina ga an kawo ta wata mota daban?

A nan ne dabarar da ta fi muni ke shigowa. Idan fitilar jakar iska ta kama a dashbod bayan canjin kujera, wasu masu aikin wayar mota sukan soka ɗan rizista a soket ɗin, kwamfuta ta ɗauka jakar na nan, fitila ta mutu. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan aikin: an goge saƙon kuskure, an bar kuskuren. Mai mota ya biya kuɗi an ɓoye masa gaskiya, wanda zai saye ta a hannunsa kuma bai san komai ba.

Na uku shi ne ɗinki. Kujerar da aka rubuta SRS AIRBAG a gefenta tana da ɗinkin da aka yi shi musamman don ya yage idan jakar ta tashi. Mai ɗinkin kujera da ya rufe wurin da fata mai kauri da zare mai ƙarfi ya yi kyakkyawan aiki a ido, amma ya toshe wa jakar hanya.

Wani zai ce kayan kamfani sun fi ƙarfin aljihu, kuma makanikai sun shekara suna wannan haɗe-haɗe ba abin da ya faru. Maganar tsada gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce dole sai sabo. Amma shirun da aka ji ba shaida ba ne, tunda bel da jakar iska sau ɗaya ake gwada su, ranar da ba a so.

Abin da ya rage shi ne bincike, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa shi. Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 tana jikin gilashin gaba ko bakin ƙofar direba, da ita ake nemo lambar kowane sashe a shafukan kayan gyara, a gwada da na motar da za a ciro. A ɗauki hoton soket da ramukan noti, a auna tazararsu kafin a tafi kasuwa. A tambayi ko kujerar daga mota mai sitiyari a dama ta fito, kamar Hilux Surf ta Japan, domin a can kujerar direba da ta fasinja a juye suke. A kuma sani cewa ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth galibi matsalar inji take karantawa, layin jakar iska yana buƙatar wadda ke shiga SRS. Kafin a taɓa soket mai ruwan ɗorawa a cire kan batir a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma kada a ɗora mita a kan wayar jakar, don ƙaramar wuta na iya tayar da ita.

Bayan an gama, a kunna mota a kalli fitilar. Ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Idan ta ƙi mutuwa, ko ta ƙi kamawa sam, aikin bai ƙare ba, kuma bai kamata a cika wa mai gyara kuɗinsa ba tukuna.