Gigin Tsufa a Miga: Cutar da Ba Ta Shiga Rajista

A ƙauyukan Miga, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau goma, ko ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. Da wannan kalmar ake rufe zancen. Ba a kai shi asibiti, balle sunansa ya shiga rajista. In tsohuwa ce, har akan jefe ta da zargin maita.

Alhali kuwa dattawa da yawa suna kai shekara casa'in da hankalinsu garau. Gigin cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Alƙaluman da aka fi ambata a Najeriya sun fito ne daga binciken da aka fara a Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka a 1992, wanda ya sami cutar a wajen kashi 2 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan. Jigawa ba za ta yi kasafi da lissafin wani gari na shekaru 30 baya ba, ga shi ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun 2006.

Hanyar gyara tana kusa. Dattawa na zuwa asibitocin matakin farko awon hawan jini, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da ke jawo cutar. A horar da ma'aikatan su ƙara 'yan tambayoyin gwajin tunani da Hausa, su rubuta sakamakon, su tura wanda ake shakka Dutse ko Kazaure. Wani ruɗewar ma na ƙarancin sinadari ne ko illar magani, kuma yana warkewa.

Nauyin jinya yana wuyan 'ya'ya mata da surukai, waɗanda ke hana idonsu barci ba tare da kowa ya yi musu bayanin cutar ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ba za ta amfane su ba sai an san yawansu. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta buɗe wannan rajista, ta fara da mazaɓun Miga.