DA SUNAN MANOMI AKE KARƁA, A GIDAN WA YAKE SAUKA?

'Yan uwa matasa, in kun koma gida yau ku tambayi iyayenku: tun da suka fara riƙe fartanya, sau nawa takin gwamnati ya iso hannunsu a kan lokaci, kuma a farashin da aka faɗa a rediyo? Ku tambaya a Farin Dutse, ku tambaya a Gwaram da Birnin Kudu. Girgiza kai kawai za ku gani.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. A 1976 Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa. A 1997 gwamnatin Abacha ta janye tallafin taki, a 1999 aka dawo da kashi 25 cikin ɗari. Zamanin Jonathan, ministan noma Akinwumi Adesina da bakinsa ya ce kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ke samun takin da aka yi wa rangwame. Sauran fa? A 2012 aka koma turo saƙo ta waya, buhu biyu a rabin kuɗi. Gwamnati na canzawa shirin ya bi ruwa. A 2017 aka ce buhu naira 5,500 ne. A 2024 ya haura 30,000. Suna ne ke canzawa, kura dai ita ce mai gadin akuya.

Ta hanya uku ake yanka talaka. Na farko, jerin sunaye: a gidan ɗan siyasa ake rubuta shi, sai ka ga wanda bai san kunya ɗaya ta gona ba ya zama manomi. Na biyu, jinkiri: taki ya zo bayan gero ya fitar da kai. Na uku, rabin kuɗi: a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ina talaka zai samo shi?

Na ga wannan a gidanmu. Wata shekara sunan mahaifina ya fito, amma babu abin biya. Wani dillali ya danƙa masa 'yan kuɗin cefane ya karɓe rabonsa. Ranar kasuwa muka tarar da irin buhunan nan a jere, kuɗinsu ya ninka. A takarda an taimaki mahaifina. A gona dawarsa ta yi ja.

Kada wani ya ce mana ai kyauta ce, a yi godiya. Wallahi ba kyauta ba ce! A Nuwamba 2023 a nan Jigawa aka ƙaddamar da noman alkama na rani, gwamnatin tarayya za ta biya rabin kuɗin iri da taki. Kuɗin shirin, dala miliyan 134, rance ne daga Bankin Raya Afirka. Mu da 'ya'yanmu za mu biya. To, bashin da aka ci da sunanka, ba ka da haƙƙin sanin wanda ya amfana?

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa ke ba da sunansa da lambar wayarsa a kan naira dubu biyu? Wa ke loda buhunan a mota da dare? Matasa ne irinmu. Duk wanda ya sayar da sunansa, da hannunsa aka zare lomar bakin maraya.

Don haka kafin damina mai zuwa, kowace unguwa ta rubuta manomanta na gaskiya, kowa da gonarsa, dattawa su shaida. A kai wa sashen noma na ƙaramar hukuma. A nemi a liƙa jerin masu rabo a bainar jama'a, a faɗi adadin buhunan da suka zo. Ranar rabo mu je mu tsaya, ba zagi ba faɗa, da biro da takarda. Ɓarawo ba ya son haske.

Allah Ya isar wa raunana haƙƙinsu. Wassalam.