Kafin A Ce Maka "Sai Dai Fomatin"



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu gyaran kwamfuta, wadda nake ganin ta cinye gumin malamai fiye da gara da ɓera. Maganar ita ce: "Malam, sai dai fomatin." Abin nufi, a share duk abin da ke cikin na'urar a ɗora mata manhaja sabuwa. Sakamakon jarrabawar zango uku, rajistar ɗalibai, tambayoyin da aka kwana ana tsarawa, takardun tantancewa da na ƙarin girma, har da kundin binciken wanda yake ƙaro karatu, duk su salwanta kafin a idar da sallar la'asar. Ra'ayina shi ne, sau da yawa idan kwamfuta mai manhaja biyu ta ƙi tashi bayan an sabunta ta, babu abin da ya taɓa takardun da ke ciki. Ƙofar shiga ce ta cije, kuma reshen ƙungiyarmu yana da ikon koya wa 'ya'yansa yadda ake buɗe ta.

Wani zai ce me ya haɗa malamin firamare da manhaja biyu. Talauci ne ya haɗa su. Yawancinmu kwamfutar hannu ta gwanjo muke iya saya, irin HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso shagunan Farm Centre da titin Beirut. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta baya-bayan nan, waɗanda tsofaffin na'urorinmu da dama ba su cika su ba. Shi ya sa 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka karanci fannin suke ɗora mana Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, a gefen Windows ɗin. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma LibreOffice da ke zuwa tare da ita yana buɗe takardun Word da Excel. Windows ɗin kuma ba a rabuwa da ita gaba ɗaya, domin wasu manhajojin atisayen jarrabawa ita kaɗai suka sani, ga shi tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta zalla, jarrabawar TRCN ta tantance malamai ma a kanta ake zamanta.

A ɗauki kwamfutar tamkar gida mai sassa biyu da zaure ɗaya. Windows na sashenta, Linux na sashenta. Zauren wani ɗan yanki ne na rumbun ajiya da ake kira EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabayit ɗari ko 'yan ɗaruruwa ba, kuma kowace manhaja a nan take ajiye makullinta. A cikin zauren akwai ɗan jagora mai suna GRUB. Shi ne yake nuna maka jerin nan idan ka kunna, ya tambaye ka sashen da za ka shiga. A bakin ƙofa kuma akwai mai gadi, Secure Boot, wanda ba ya barin kowa ya wuce sai ya ga hatimin da ya yarda da shi. Linux tana wucewa ne ta hannun wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft da kansa ya buga wa hatimi. Duk rigimar da ake yi bayan sabuntawa a zaure ake yin ta. Ɗakunan ciki, inda takardunka suke, ko ƙura ba ta kai musu ba.

Misali mafi girma shi ne abin da ya faru a ranar 13 ga Agusta, 2024. Tun a 2022 aka gano wata ɓaraka a tsofaffin nau'o'in GRUB, wadda mugu zai iya bi ta cikinta ya tsallake mai gadi. Sai Microsoft ya aiko da sabuntawa da ke ba mai gadin umarnin ya daina karɓar waɗancan tsofaffin nau'o'in. Kamfanin ya ce umarnin ba zai hau kwamfutar da aka gane tana da manhaja biyu ba. Ganewar ce ta kuskure a na'urori da yawa. Mutane a faɗin duniya suka kunna suka tarar da baƙin allo ɗauke da wani rubutu na Turanci mai tsoratarwa, wanda a cikinsa akwai "Something has gone seriously wrong" da kuma kalmar SBAT. Masu Ubuntu da Linux Mint da Debian duk abin ya shafe su. Kamfanin ya amsa kuskuren cikin 'yan kwanaki, ya ba da dabarar wucin gadi, amma cikakken gyara bai fito ba sai a watan Mayun 2025, bayan wata tara.

Ba na zargin kamfanin da toshe ɓaraka. Toshewar wajibi ce. Inda nake ganin laifinsa shi ne, ya taɓa zauren da ba shi kaɗai yake amfani da shi ba, ba tare da ya tabbatar maƙwabcin zai iya wucewa ba. Wanda yake Landan ko Niyok, ga wuta ga intanet ga wata kwamfutar a gefe, zai bincika ya gyara cikin awa guda. Malamin da ke Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi, mai na'ura ɗaya tilo da batirin da ba ya riƙe caji, ga shi kuma an ba shi kwana biyu ya miƙa sakamako, shi ne zai rungumi kwamfutarsa ya nufi shago. Na san wata malama da aka yi wa irin wannan gyaran gangar auzinawa: ta biya kuɗi, na'urar ta dawo tana tashi, amma makin ɗalibanta na shekara guda sai da ta sake haɗa shi daga takardun jarrabawa, ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran bai yi don mugunta ba. Sharewa ce hanyar da ta fi masa sauri, kuma ba shi ne zai tsaya gaban shugaban makaranta ba.

To yaya ake buɗe ƙofar? Ya danganta da abin da allo ya nuna. Idan jerin zaɓin ne ya ɓace, kwamfutar tana zarcewa Windows kai tsaye, to sabuntawar ta sa Windows a gaban layi ne kawai. Da kunnawa sai a danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo. Jerin zai fito, a zaɓi Ubuntu. Daga baya a shiga saitin BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, a mayar da ita sahun farko. Aikin minti biyar ne.

Idan saƙon SBAT ne, a shiga BIOS a kashe Secure Boot na ɗan lokaci. Linux za ta buɗe. A cikinta a buɗe tagar umarni a rubuta sudo mokutil --set-sbat-policy delete, a sake kunnawa, a sauke duk sabuntawar da Linux ɗin take jira domin ta sami sabon shim, sannan a koma a kunna Secure Boot. Sai dai a nan akwai rami, kuma ina roƙon a kula da shi sosai. Wasu kwamfutocin Windows ɗinsu a kulle take da BitLocker, wani lokaci ma mai ita bai sani ba. Taɓa saitin Secure Boot na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Mabuɗin kan kasance a asusun Microsoft na wanda ya saita na'urar. Saboda haka a nemo shi tun ana zaune lafiya, a rubuta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar shaidar NCE. Idan babu shi kuma ta nema, a nan kam takardun da ke sashen Windows sun shiga haɗari na gaske.

Na ukun shi ne baƙin allo da ɗan rubutu "grub rescue", alamar jagoran ya kasa gano ɗakinsa. Maganinsa filash mai ɗauke da Ubuntu. Ana tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba tare da an ɗora komai ba, a fara kwashe muhimman takardu zuwa wani ma'aji, sannan a sauke wata manhaja ta kyauta mai suna Boot-Repair ta sake gina zauren. Ko da gyaran ya faskara, an riga an tsira da takardu, daga nan duk wanda ya ga dama ya yi fomatin.

Na sha jin shawarar cewa a kashe sabuntawa gaba ɗaya a huta, ga tsimin data kuma. Ban yarda da ita ba. Kwamfutar da ake cusa wa filash daga shagon buga takardu zuwa ofishin makaranta, ta fi kowace buƙatar kariya. Abin da ya kamata shi ne zaɓen lokaci. Microsoft kan fitar da sabuntawarsa ta wata-wata a Talata ta biyu, kuma Windows tana ba da damar jinkirta ta har mako biyar. A makon haɗa sakamako a jinkirta. Kada a fara sabuntawa sai da cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin kan lalata zauren fiye da duk wani kuskuren kamfani. Wannan ma'auni zai ƙara muhimmanci, tunda hatimomin Secure Boot da aka yi a 2011 wa'adinsu yana fara ƙarewa ne daga Yunin 2026, wato sabuntawar da ke taɓa bakin ƙofa ba ta ƙare ba.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu na da nauyi, aikin ƙungiya shi ne albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, malami kuma alli aka san shi da shi, ba sukundireba ba. Haka ne. Amma NUT tun kafuwarta a 1931 an san ta da kare mutuncin aikin koyarwa, kuma a yau wani ɓangare na mutuncin yana cikin waɗannan na'urori. Ana neman bayanai daga gare mu a rubuce da kwamfuta, da na'urar da muka saya da kuɗinmu, muke gyarawa da kuɗinmu. Idan takardu suka salwanta, malami ake tuhuma. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. A ganina ya dace reshenmu ya shigar da wannan buƙata ta hannun sakataren ilimi zuwa SUBEB: duk lokacin da za a raba wa makarantu kwamfutoci, a haɗa da horon kula da su, kada a tsaya ga ɗaukar hoto ranar rabo.

Kafin wancan, abin da ke hannunmu ba ya buƙatar jiran kowa. Filash mai gigabayit 8 ya isa ya ɗauki Ubuntu. Reshe ya sayi uku ko huɗu, a shirya su, a ajiye a hannun sakatare. A cikinmu akwai waɗanda suka karanta kwamfuta a kwalejin Sa'adatu Rimi da ta tarayya da ke nan Kano, wasunsu an tura su suna koyar da lissafi a aji huɗu. A zaɓi biyu ko uku, mata a cikinsu, domin malamai mata su sami wadda za su kai wa na'urarsu ba tare da takura ba. A ware safiyar Asabar guda a kowane zango, kafin jarrabawa, kowa ya zo da kwamfutarsa da cajarsa da filash na ajiya, a nemo mabuɗin BitLocker na kowa, a kwafe takardu, a gwada maɓallan tashi har hannu ya saba. Zan gabatar da wannan a matsayin ƙudiri a taron reshe mai zuwa, kuma ina neman wanda zai mara masa baya.