A San Dutse Kafin a Fasa Shi

Tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take tace man Agadem. Man nan yana kwance cikin dutsen rairayi mai ƙananan ƙofofi, ana samunsa da zarar an haƙa rijiya. Amma akwai dutsen laka mai riƙe mai da gas gam. A Amurka sai an ɗura masa ruwa da rairayi da ƙarfin gaske ya tsage, sa'an nan ya saki abin da ke cikinsa.

Kafin a kai ga haka, masana sukan ciro gutsuren dutsen, su auna ƙofofinsa da taurinsa. Mai gautsi yakan tsage. Wanda yumɓu ya yi wa yawa kuwa tsagarsa takan toshe, dukiya ta salwanta.

Mutanen Damagaram sun san halin dutse. Birninsu bisa fa yake, marar riƙe ruwa. Ƙishirwa na cikin dalilan mai da babban birni Yamai a 1926. Rijiya guda ta irin wancan aiki tana shan miliyoyin litoci. Wajibi ne hukuma ta horar da ƴan ƙasa masu auna dutse, kuma kafin ta sa hannu a wata yarjejeniya, ta bayyana wa talakawa ruwan wa za a ɗiba.